Ruwa a kwari, dusar ƙanƙara a kan dutse, ga iska: ku taya ni fahimtar saƙon ɗana

Uwar_Direba_Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai damuwa ce ta fito da ni. Ɗana na fari yana tuƙin tirela a Amurka, jihar Kalifoniya, shekararsa ta huɗu ke nan. Jiya bayan isha'i ya turo min saƙon murya ya ce in sa shi a addu'a, wai an sanar da su hadari na tafe daga teku har kashi uku, wani na bin wani: ruwa a kwari, dusar ƙanƙara a kan duwatsu, ga kuma iska mai ƙarfi. Shi kuma an ba shi lodi daga Sakramento zuwa wani gari wai shi Rino, sai ya haye dutsen. Na saurari saƙon nan ya fi sau biyar. Yaya hadari ɗaya zai zubar da ruwa a nan, ya zubar da ƙanƙara a can? Kuma ruwan sama a watan Janairu? Mu nan ga hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsattsage. Ku gaya min gaskiya, abin tsoro ne, ko yaron nan yana rage min labarin ne don kada hankalina ya tashi?

DanFagge_77:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya tsare shi, ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya.

Malamin_Labarin_Kasa:
Ranki ya daɗe, ba ya rage miki komai, yadda ya faɗa haka abin yake a ƙasar. Iska tana ƙara sanyi ne gwargwadon yadda aka yi sama. A ƙiyasi, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Sakramento tana kwance cikin kwari, tsayinta daga teku bai kai mita 10 ba. Mashigar da hanyarsa za ta bi a kan duwatsun Siyera Nebada, wadda suke kira Donner, ta haura mita 2,100. To ki lissafa. In ana ruwa a Sakramento ma'auni na nuna digiri 10, a kan mashigar ya sauka zuwa 3 ko 4 ƙasa da sifili. Girgijen ɗaya ne. A can sama ma duk dusar ƙanƙara ce ke fitowa daga cikinsa, wadda ta faɗo wa kwari sai ta ratsa iska mai ɗumi ta narke ta zama ruwa kafin ta iso ƙasa, wadda ta faɗa kan dutse ba ta samu inda za ta narke ba. Shi ya sa masu hasashensu kullum suke faɗin tsayin da dusar za ta fara, su ce daga mita kaza zuwa sama. Direba wannan lambar yake saurare fiye da komai.

Yar_Terminus:
Wannan ai mu 'yan Jos ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ni a can aka haife ni, aure ya kawo ni Hotoro. Ina yarinya an yi dusar ƙanƙara da ta rufe tsakar gidanmu fari fat, muka riƙa kwasa a kwano.

Malamin_Labarin_Kasa:
Yar_Terminus, ƙanwata, abin da kika kwasa ƙanƙara ce, ba dusarta ba. Ƙanƙara dunƙulalliya ce mai tauri, hadari mai tsawa ke haifar da ita, iska ta yi ta cilla ɗigon ruwa sama yana daskarewa yana ƙara kauri har ya yi nauyi ya faɗo. Ita a lokacin zafi ma take zuwa, mu ma nan Kano muna ganinta jefi-jefi a farkon damina. Dusa kuwa laushi gare ta kamar audugar rimi, ba ta ƙara a kan kwano. Jos tana kan kusan mita 1,200, Kano kusan 480, bambancin ya isa ya sa ku fi mu sanyi da digiri 4 ko 5, amma bai isa dusa ba. Ko Chappal Waddi da ke Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, bai isa dusa ba: mita 2,419 ne, kuma yana kusa da tsakiyar duniya inda rana ke da ƙarfi.

Yar_Terminus:
To na karɓi gyara Malam. Lallai tana da tauri, don ta farfasa mana kabeji da tumatir a lambu, mahaifina ya kwana biyu ba ya magana.

Almajirin_Madabo:
Bambancin nan da Malam ya yi yana nan cikin addu'ar buɗe salla da ta zo a Buhari da Muslim, inda ake roƙon Allah ya wanke mu daga zunubai da ruwa da salju da baradu. Salju ita ce dusar, baradu ita ce ƙanƙarar da 'yar'uwa ta kwasa a Jos. Mu da yake Hausa ta haɗa su a kalma ɗaya, sai da aka ƙara "dusa" aka raba. Hajiya, ki ce masa in iska ta taso ya roƙi Allah alherinta da alherin abin da ke cikinta, ya nemi tsari daga sharrinta, kamar yadda Nana A'isha ta ruwaito.

Sarkin_Yakin_Kurna:
Ni dai abin da ban yarda da shi ba shi ne wannan cewa "hadari uku na tafe". Wa ya san gobe? Ruwa na Allah ne, ranar da ya ga dama yake saukar da shi.

Almajirin_Madabo:
Babu mai ja da cewa na Allah ne. Amma kai ma in ka fito da la'asar a watan Yuni ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, ka ce wa iyali a kwashe shanya, ai ba ka yi da'awar sanin gaibu ba, alama ka gani. Su idonsu ne ya fi naka nisa, suna da tauraron ɗan'adam da ke hango girgijen tun yana tsakiyar teku. Ya kan zo yadda suka ce, ya kan kuma kauce.

Bakon_Sakramento:
Hajiya ina gaisuwa. Ni ɗan Yakasai ne, shekara tara ina zaune a garin da ɗanki zai tashi, wani abokina ne ya turo min maganar nan ya ce in shigo. Yanzu da nake rubutu yayyafi ake, sama ta yi toka-toka tun jiya.
Game da ruwa a Janairu: nan damina da rani a juye suke. Daga Yuni zuwa Satumba sai a yi wata uku ko huɗu ko ɗigo babu, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ɗorawa kamar dajin Kano a watan Maris. Ruwan shekara kusan duk tsakanin Nuwamba da Maris yake sauka, daga tekun Fasifik, ta yamma. Shekarar da na zo, na yi ta duban gabas ina neman hadari kamar yadda na saba, ashe ta bayana yake zuwa. Kuma ba irin namu ba ne mai tsawa da walƙiya ya zuba awa ɗaya ya ɗauke. Ya fi kama da markar Agusta, a wuni a kwana ana yi. Wani lokaci danshin yakan taho a jere kamar kogi a sararin sama tun daga wajen tsibiran Hawayi, shi ne mai kawo ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Hanyar da zai bi ita ce babbar hanya mai lamba 80, Sakramento zuwa Rino kusan kilomita 210. Na bi ta ba adadi. Za ki tashi cikin ruwa, ki yi tafiyar awa ɗaya ki ga ɗigon da ke faɗa wa gilashi ya fara kauri, can sai ki ga ya daina gangarowa, yana mannewa. Daga nan akwai shingen ma'aikatan hanya. Babbar mota ba ta wucewa sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa, direba ya fito cikin sanyin nan ya durƙusa ya ɗaura. In abin ya yi tsanani, manyan motoci ake fara tsayarwa, in ya ƙara tsanani a rufe hanyar gaba ɗaya, kowa ya jira. Wannan shi ne abin da zai kwantar miki da hankali: ba a barin mutum ya shiga don yana da taurin kai.

Uwar_Direba_Gwammaja:
Allah ya yi maka albarka ɗana, ya jiƙan mahaifa. Sarƙar nan ya taɓa nuna min a bidiyo, na ɗauka ta ɗaure kaya ce. To iskar fa? Ita ya fi nanatawa.

Tsohon_Direban_Legas:
Yana da gaskiya da ya nanata ta Hajiya. Na yi shekara 26 ina jan tirela, Kano zuwa Legas, Kano zuwa Fatakwal. Ruwa ba ya ba direba tsoro kamar iskar da ke zuwa ta gefe. Kuma mai tafiya a jere da sauƙi, ka san yadda za ka riƙe sitiyari. Mugunyar ita ce mai bugowa ta saki, ta bugo ta saki. Bodin tirela bango ne guda, in babu kaya a ciki iska na iya ɗaga tayoyin gefe ɗaya. Na ga wadda ta kwanta a gabana bayan Zariya a farkon wata damina, ba gudu yake ba, fanko ce kawai. Ki tambaye shi nauyin lodin. In mai nauyi ne, zuwa da sauƙi. Dawowa in fanko zai dawo, ya haƙura ya kwana har ta lafa, ko mai kaya zai yi faɗa.

Bakon_Sakramento:
Baba ya faɗi gaskiya. A kan ƙololuwar duwatsun nan iska na wuce kilomita 160 a awa in babban hadari ya zo. A kan hanya ba ta kai haka, amma tana kwasar dusar ta watsa, mutum ya kasa ganin motar da ke gabansa. Ku ɗauka hazon da ya fi kowane kauri, irin wanda ke hana jirgi sauka a filin Malam Aminu Kano, sai dai fari ne kuma ƙasa na santsi. A cikin gari kuma bishiyoyi take kayarwa, don ƙasa ta jiƙe saiwa ta saki, su faɗa kan wayoyin wuta.

Auta_Rijiyar_Lemo:
Ashe su ma ana ɗauke musu wuta.

Kafinta_Dorayi:
Tunda an zo maganar iska bari in yi tawa, don mu ma saura wata huɗu ko biyar ta iso mu. Duk shekara, ruwan farko da na biyu, wayata ba ta hutawa: rufi ya yaye, kwano ya tafi gidan maƙwabta. In na je na duba, abu ɗaya nake tararwa. An aza katako a kan bulo an ɗan soka ƙusa, ba a ɗaure shi da ginin ba. Iska ba ta danna rufi ƙasa, ɗaga shi take, ta shiga ta bakin kwano ta cire shi kamar hula. Maganin ba tsada: a bar rodi ko langa-langa a cikin kankaren saman gini, a lanƙwaso shi a kan katakon, a yi amfani da ƙusa mai hula, a ƙara yawanta a gefe da kusurwa. A duba inda gara ta ci. Tayoyi da duwatsun da ake ɗorawa a kan kwano ba sa hana komai in iska ta yi ƙarfi, su ne ma ke faɗowa kan yara. Bara a layinmu kwano ya yanki wani yaro a ƙafa yana gudun shiga gida, ɗinki takwas aka yi masa. Yanzu da ake rani ne lokacin gyara, katako a bushe, kafinta ba ya sauri.

Maman_Ilham:
Kafinta_Dorayi, nawa ne kimanin ɗaure rufin ɗaki biyu da falo? Namu yana ƙara duk lokacin da iska ta taso.

Kafinta_Dorayi:
Sai an gani Hajiya, ya danganta da lafiyar katakon. Amma ƙarar nan alama ce ƙusa ta saki, kada a kai Mayu ba a duba ba.

Manomin_Kadawa:
Ni tambayata ga Baƙon Sakramento. Ka ce wata huɗu ba ruwa a lokacin zafi, amma muna jin jihar nan ta fi kowace noma a Amurka, har shinkafa da tumatir. Da wane ruwan?

Bakon_Sakramento:
Da dusar nan da ake tsoro a hanya. Abin da ke tsayar da ɗan Hajiya shi manomi ke roƙo. Tana taruwa a kan duwatsu duk lokacin sanyi, ba ta gangarowa, sai bazara ta fara narkewa a hankali tana cika koguna da madatsai. Kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da jihar ke amfani da shi daga nan yake. Har awo suke yi, babban awon a farkon Afrilu. A 2015 gwamnansu na lokacin, Jerry Brown, ya je wurin awon ya tsaya a kan busasshiyar ciyawa inda ya kamata a ce dusa ta kai ƙirji, abin da ya taru a shekarar kashi 5 cikin 100 ne na yadda aka saba, nan take ya ba da umarnin rage amfani da ruwa a birane. Sai kuma ga sanyin 2022 zuwa 2023, hadari ya yi ta zuwa a jere har wani tafki mai suna Tulare, da aka daɗe da shanye shi aka mai da gonaki, ya dawo ya mamaye gonakin.

Manomin_Kadawa:
To ai na gane. Dutsen shi ne Tigarsu. Mu ruwan Agusta muke tarewa a Tiga, tun da aka gama ta a 1974 zamanin Audu Baƙo, a sako mana ta kanal mu yi alkama da tumatir da rani a Kura da Bunkure da Garun Malam. Su Allah ya yi musu rumbun a kan dutse ba da siminti ba. Ni yanzu haka alkamata sanyin nan take so, in hunturu ya yi gajere ba ta cika ido. Kowa da abin da yake jira daga sama.

Malamin_Labarin_Kasa:
Kwatancen ya yi, Alhaji, sai dai rumbun nasu yana da sharaɗi: sai hadarin ya zo da sanyi. In ya zo da ɗumi, layin dusar ya hau sama, ruwa ya sauka a inda dusa ta riga ta kwanta, to duk su gangaro lokaci ɗaya. A Fabrairun 2017 madatsar Oroville da ke arewa da Sakramento ta cika, hanyar da ake sakin ruwa ta farfashe, sai da aka kwashe mutum kusan 188,000 daga garuruwan da ke ƙasa da ita. Don haka su ba yawan ruwan kaɗai suke tambaya ba, har da tsayin da zai daskare.
Wani abu kuma da zai ba ku mamaki, Rino da yaron zai je tana bayan dutsen, a jihar Nebada, kuma kusan hamada ce. Girgije na hawa dutsen ta yamma yana sauke kayansa, kafin ya gangara gabas ya tatse.

Dattijon_Kofar_Mata:
Maganar madatsa ta tuna min Bagauda, watan Agustan 1988. Ina da ƙuruciyata lokacin. An yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa, madatsar ta ɓalle, a cikin birni kuma gidajen ƙasa suka riƙa zubewa. Mun kwana a zaune a soro, mahaifiyarmu na riƙe da fitilar ƙwai tana duban bango yana tsagewa. Wanda ya ga wannan ba ya raina ruwa. Ga Alau a Maiduguri a Satumbar 2024, ga Mokwa a Mayun 2025. Abin da na ɗauka daga zancen Malam shi ne an kwashe mutanen tun ruwa bai iso ba.

Dan_Kwari_Layin_Atamfa:
Baba, mu a 2022 ruwa ya shigo mana kasuwa, na tsaya cikinsa har gwiwa ina miƙa dilolin atamfa da shadda sama. Wadda ta jiƙe rini ya zuba, rabin kuɗi ma ba a saya ba. Ba dutse gare mu ba, ba dusa, magudana ce ta toshe da leda da robar ruwa, wasu kuma sun yi gini a kan hanyar ruwa. Har yau in gabas ta haɗa ina gida, sai na ji gabana na faɗuwa.

Sarkin_Yakin_Kurna:
To ga shi nan. Mu da ke da wannan a gida, me ya kai mu lissafin duwatsun Amurka?

Maman_Ilham:
Haba Malam. Uwa ce ta zo da damuwar ɗanta. Kuma ni dai ta dalilinta na san rufina na buƙatar gyara.

Injiniya_Sharada:
Ina so in ƙara a kan abin da Baƙo ya ce na duban gabas. Danshin daminarmu daga kudu maso yamma yake zuwa, daga tekun Atlantika, amma hadarin kansa daga gabas yake tahowa, shi ya sa iska da ƙura ke riga ruwa isowa. Hazon da muke ciki yanzu kuma daga arewa maso gabas, yawancin ƙurar daga wani kwari ne a Chadi da ake kira Bodele. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin faruwar ruwa da ɗaukewarsa jiha-jiha, ana kuma faɗa a rediyo da Hausa. Samuwar bayanin ba ita ce matsalarmu ba. Direban can in an ce masa dusa daga mita kaza, ya san abin da zai yi da hannunsa: sarƙa, bargo, abinci, ko ya tsaya. Mu in an ce za a yi ruwa mai yawa, mutumin da ke bakin Jakara ina zai koma?

Manomin_Kadawa:
Injiniya, ni ina saurare kuma ina amfani da shi wajen zaɓen iri. Amma shekarar da suka ce ruwa zai yi wuri na yi shuka, sai ya ɗauke kwana 18, na sake saye na sake shukawa. Ban daina saurare ba, sai dai yanzu ina jiran ƙasa ta jiƙu kamu ɗaya tukuna.

Yar_Terminus:
Malam, tambaya ta ƙarshe. Da a ce Dala ta yi tsawo, za mu ga dusa a Kano?

Malamin_Labarin_Kasa:
Dala mita 534 ce daga teku, kaɗan ta ɗara gari. In ana ruwa a Agusta ma'auni na kan digiri 28, sai dutse ya ɗaga sama da mita 4,000 a kan birni kafin a kai sifili. Irin su Kilimanjaro ke nan a Tanzaniya, mai mita 5,895. A lokacin da muke da sanyi kuma ba mu da girgije. Amma a Afirka ana yi, duwatsun Atlas na Maroko duk shekara, har a garin Ain Sefra na Aljeriya da ke bakin Sahara dusa ta taɓa kwanta a kan yashi a 1979 da 2016 da 2018.

Uwar_Direba_Gwammaja:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na kira shi da asubar nan, su can dare ne, awa tara ke tsakaninmu. Na tambaye shi nauyin kaya kamar yadda Baba direba ya ce, ya ce lodin ruwan kwalba ne, mota cike take. Ya tashi, amma bai yi nisa da fara hawa ba aka tsayar da manyan motoci, yanzu suna fake a wani wurin ajiye motoci su da yawa, injin na kunne saboda ɗumi. Ya ce inda yake ruwa ne haɗe da dusa, sama da su kaɗan kuma fari fat. Yana da shayi da burodi da dambun naman da na aika masa. Ya yi mamaki da na tambaye shi ko ya ɗaura sarƙa. Na ce masa maganar dawowa fanko, ya yi shiru, ya ce zai yi magana da mai ba su lodi. Hadari na biyu wai gobe da daddare.

Tsohon_Direban_Legas:
Shirun nan na san shi. Ki sake kiransa kafin ya juyo, Hajiya, ki ce ni na ce kwana ɗaya a bakin hanya ba ya rage wa direba komai. Kuma in zai kwana da inji a kunne, ya riƙa fita yana duba kada dusar ta toshe inda hayaƙi ke fita.

Bakon_Sakramento:
Nan ruwan ya ƙaru, iska ta fara kaɗa tagogi. Hajiya, wane wuri ya ce suna fake? In na ƙasa ne kusa da gari, zan iya kai masa abinci mai zafi in na tashi daga aiki.